Abuja zuwa Gwanzu: abin da Great Circle Mapper ya iya aunawa da abin da ya gagare shi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zama gaban ejan a Wuse ko Garki yana neman tikitin Chana ya san yadda zaman yake kasancewa. Ejan zai juyo da fuskar kwamfuta ya ce, "Alhaji, ga na Habasha, ga na Ƙatar, ga na Turkiyya, ga na Masar, wanne za a yanka?" Daga nan sai gardama ta tashi kan hanyar da ta fi kusa. Yawancin mutane za su rantse cewa ta Adis Ababa ce, saboda a taswirar da muka saba gani tun firamare Habasha tana gabas da mu sak, Chana ma gabas take, Doha kuwa sai an haura arewa kafin a gangaro. Akwai shafin da ke raba wannan gardama cikin minti ɗaya, kyauta, ba tare da rajista ba, kuma amsar da yake bayarwa ta saɓa wa abin da ido ke gani.

Sunansa Great Circle Mapper, adireshinsa gcmap.com. Wani mai sha'awar harkar jirage, Karl Swartz, shi ya kafa shi tun 1996, kuma kallo ɗaya za ka yi masa ka yarda da shekarunsa: rubutu ƙanana, babu ado, babu hoton kowa. Akwai wasu shafukan masu suna kusan iri ɗaya da nasa, don haka a lura da adireshin. Aikinsa guda ne. Ka ba shi filayen jirgi biyu ko fiye, ya gaya maka tazara mafi gajarta a tsakaninsu a bisa doron duniya, ya zana maka layin a taswira. Mun gwada shi a kan hanyar da 'yan kasuwar Abuja da Jos suka fi bi, wato daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa filin Baiyun na Gwanzu, garin da ake rubutawa Guangzhou a tikiti.

Kafin alƙaluma, a fahimci abin da ake aunawa. Ka kifa ƙwarya, ka ɗiga alli a wuri biyu a bayanta, ka ɗauki zare ka ja shi tsam daga wannan ɗigo zuwa wancan. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta, kuma da za ka fasa ƙwaryar ka shimfiɗe ta, sai ka ga layin ya zama baka. Haka duniya take. Taswirar bango ta shimfiɗe abin da yake dunƙulalle, shi ya sa layin da ya miƙe a kanta yakan fi tsawo a zahiri, wanda ya lanƙwasa zuwa arewa kuma ya fi gajarta. A nan za mu riƙa kiransa layin zare. Duk lissafin shafin a kansa ya tsaya.

Yadda ake amfani da shi

A akwatin da ke shafin farko ake rubuta lambobin filayen, haruffa ukun nan da ake liƙawa a jikin jaka, a raba su da karan ɗori: ABV-CAN, sai a danna Map. Wanda yake son ya tsallake wannan matakin sai ya rubuta adireshin kai tsaye a burauza: gcmap.com/mapui?P=ABV-CAN&DU=km. Wancan DU=km na ƙarshe yana da muhimmanci, domin idan ba a sa shi ba shafin da mil yake ba da amsa. In kana son zango a tsakiya sai ka ƙara shi cikin jerin, ABV-ADD-CAN. In kuma hanyoyi da yawa kake son gani a taswira ɗaya, ka raba su da waƙafi: ABV-CAN,ABV-ADD-CAN,ABV-DOH-CAN,ABV-CAI-CAN,ABV-IST-CAN. Ƙarƙashin taswirar zai jero kowace gaɓa da tsawonta, da jimilla, da yawan ƙarin da zangon ya jawo a kan miƙaƙƙiyar hanya, da kuma kusurwar da jirgi zai fuskanta lokacin tashi.

Ga abin da ke fitowa, mun daidaita alƙaluman zuwa dunƙulallun lambobi don sauƙin riƙewa. Abuja zuwa Gwanzu a layin zare kilomita 11,200 ne da 'yar ɗoriya. Ta Adis Ababa, gaɓar farko wajen 3,470, ta biyu wajen 8,050, jimilla kusan 11,500, ƙarin bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Ta Alƙahira, wajen 3,430 da 8,000, jimilla kusan 11,430, wato ta ɗan fi ta Habasha kusa, abin da mutane kaɗan ne za su zata. Ta Istanbul, wajen 4,150 da 7,900, jimilla kusan 12,050, ita ce mai nisa, ƙarin kilomita 800 da wani abu, kashi 7 cikin ɗari da ɗoriya. Ta Doha kuwa, wajen 5,020 da 6,200. Haɗa su ka gani: 11,220. Kusan babu ƙarin komai. Doha a kan layin take zaune, haka ma Dubai.

A nan ne shafin ya fi burgewa, domin idan ka bi layin da ido a taswira za ka ga garuruwan da ka sani. Yana barin Abuja a kusurwar digiri 64 daga arewa, wato gabas mai karkata arewa. Ya ratsa ta kan Filato tsakanin filin jirgin Jos da ke Heipang da cikin garin Jos, ya bi ta Bauchi, ya bi ta Maiduguri, ya shiga Cadi ta kusa da Njamena, ya keta arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya ya faɗa daidai Jidda. Daga nan ya wuce ta kudu da Riyad, ya gogi Ƙatar da Dubai, ya bi ta kudancin Iran da Pakistan, ya kai ƙarshen haurawarsa a arewacin Indiya, wajen digiri 27 da rabi arewa da layin Ikwaita, sannan ya gangaro ta gindin duwatsun Himalaya, arewacin Myanmar da lardin Yunnan zuwa Gwanzu. Ɗan kasuwar Jos da ya yi sammako ya biyo ta Akwanga da Keffi don ya kama jirgi a Abuja, baya ya koma: kilomita 190 ne tsakanin filin Jos da na Abuja a sama, kuma da jirgin zai bi layin zare, cikin kusan minti 20 da tashi zai wuce ta saman gidansa.

Wancan digiri 64 ba baƙon lamba ba ne ga wanda ya taɓa saita alƙibla da kamfas a Abuja. Alƙiblar garin tana tsakanin digiri 64 da 65, kuma da wannan lissafin na layin zare ake fitar da ita. Ke nan mai sallah a Babban Masallacin Ƙasa, in da ganinsa zai zarce Makka ya ci gaba, a Gwanzu zai sauka ko kusa da ita. Jidda tana kilomita 3,690 daga Abuja, kashi ɗaya cikin uku na tafiyar. Wannan yana da amfani ko a cikin jirgi: a kan wannan layin alƙibla tana gaba har a tsallake Bahar Maliya, daga nan ta koma baya.

Inda ake yin kuskure

Kuskuren farko na haruffa ne, kuma shafin ba zai tsawata maka ba, abin da ka rubuta shi zai auna. Lambar Gwanzu CAN ce, daga tsohon sunan garin, Canton. Lambar Kano kuwa KAN. Harafi ɗaya ya raba su, in ka rubuta ABV-KAN za ka ga kilomita 365 ka ɗauka shafin ya lalace. Abuja ABV ce. ABJ ta Abidjan ce, kuma wannan ruɗanin ya daɗe yana cin mutane har wajen yankan tikiti. Istanbul tana da IST, sabon filin da ya karɓi lambar a 2019, da kuma SAW a ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiya ce mai nisa a mota. Dubai tana da DXB da DWC, Shanghai tana da PVG da SHA, Beijin tana da PEK da PKX. A lissafin kilomita dubu goma sha ɗaya bambancin bai taka kara ya karya ba, amma ga wanda zai sauka a ɗaya ya tashi daga ɗayan, awanni ne da kuɗin mota. Shafin yana karɓar lambobin haruffa huɗu da matuƙa jirgi ke amfani da su, DNAA ta Abuja, DNJO ta Jos, ZGGG ta Gwanzu. Waɗannan sun fi wuyar rikicewa.

Kuskure na biyu na ma'auni ne. Mil iri biyu ne. Mil ɗin ƙasa kilomita 1.609 ne, shi shafin ke nunawa in ba ka canza ba, da alamar mi. Mil ɗin teku kilomita 1.852 ne, shi matuƙa jirgi da kamfanonin ƙera jirage ke aiki da shi, da alamar nm. Tazarar Abuja da Gwanzu guda ce, amma za ka iya ganinta a matsayin 11,200 da ɗoriya, ko kusan 7,000, ko wajen 6,060. Mutum uku za su iya yin musu har gari ya waye alhali kowa gaskiyarsa yake faɗa. Duk lambar da aka kawo maka ba tare da ma'auninta ba, ka tambaya kafin ka ɗora lissafi a kanta.

Sai abin da ya fi waɗannan girma. Shafin bai san siyasa ba, bai san yaƙi ba. Zai ja maka layi ta tsakiyar Sudan hankali kwance, alhali bayan faɗa ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen da ke zuwa Saudiyya da ƙasashen Larabawa daga Najeriya suka koma zagaye, ko ta arewa wajen Masar ko ta kudu wajen Habasha. Alhazan 2023 sun ga wannan da idonsu, tafiyar ta ƙara tsawo har aka yi ta maganar ƙarin kuɗin jirgi. Ke nan fifikon da Doha take da shi a takarda, zagayen Sudan yana iya cinye shi, har ma ya zarce. Hanyar Adis Ababa ta fi samun sauƙi a wannan, domin layinta ta Kamaru, kudancin Cadi, Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu yake bi, gyara kaɗan yake buƙata. Daga Adis kuma sai Tekun Larabawa, ya shiga Indiya ta kusa da Mumbai, ya fita ta Kalkata, ya ratsa Myanmar.

Ba yau aka fara irin wannan ba. Daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021 Saudiyya, Daular Larabawa, Bahrain da Masar sun hana jiragen Ƙatar bi ta samaniyarsu, duk jirgin da zai taso daga Doha zuwa Afirka ta Yamma sai ya yi dogon zagaye. A Agustan 2023, bayan juyin mulki, Nijar ta rufe nata sararin, jiragen Turai da suka saba miƙewa ta kan Hamada zuwa Abuja suka koma kewaye. Pakistan ta rufe nata na tsawon watanni a 2019. A duk waɗannan lokutan lambar da ke gcmap ba ta motsa ko da kilomita ɗaya ba.

Bai san dutse ba kuma. Ƙa'idar tuƙin jirgi ita ce, idan iskar cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya gangaro da sauri zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi ba tare da abin rufe hanci ba. Tudun Tibet kansa ya haura mita 4,000, balle ƙololuwar Himalaya, babu inda za a gangara. Don haka jirage sukan ja kudu su bar duwatsun a hagu. Shiga cikin Chana ma ta ƙofofi ƙayyadaddu ake yi, domin babban kaso na samaniyar ƙasar a hannun soja yake, jiragen fasinja kan layukan da aka ware musu suke tafiya. Kowanne daga cikin waɗannan yana ƙara nasa kilomitocin.

Iska ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce ke sa tafiya da dawowa ba sa zama daidai. A tsayin da manyan jirage ke bi, kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, akwai iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas ta kan ƙasar Larabawa da arewacin Indiya. Lokacin da muke cikin hunturu ta fi ƙarfi, takan haura kilomita 200 a awa. Mai tafiya Chana tana tura shi, mai dawowa tana tare shi, shi ya sa gaɓar Gwanzu zuwa Doha ko Istanbul takan fi ta zuwa da awa guda ko fiye. Da damina kuma abin yana sassautawa, har a kudu, ta kan Tekun Larabawa, iskar sama takan juyo daga gabas. Shafin yana da wurin sa gudun jirgi ya ba ka lokaci, amma raba tazara da gudu kawai yake yi. Lokacin da zai ba ka na zuwa da na dawowa ɗaya ne, abin da ba ya faruwa a zahiri.

Maganin wannan giɓin shi ne a haɗa shi da shafin da ke bin sawun jirage. Ka karɓi lambar jirgin daga ejan, haruffa biyu da lambobi, ka sa a Flightradar24 ko FlightAware, ka duba tafiyar jiya da shekaranjiya. Flightradar24 zai nuna maka ainihin inda jirgin ya bi, kuma na kyauta yana ba da tarihin kwana bakwai. FlightAware yana jera tazarar da aka yi a zahiri kusa da ta miƙaƙƙen layi, sai ka ga ƙarin da idonka. Abu ɗaya za a lura da shi: waɗannan shafukan sun dogara sosai ga na'urorin karɓar sigina da ke ƙasa, kuma a kan Cadi, Hamada da tsakiyar teku na'urorin ba su da yawa. Inda ka ga layin ya zama ɗigo-ɗigo ko ya miƙe sak kamar an ja da rula, ƙiyasi ne.

Daga kilomita zuwa awa

Lissafin da ke kusantar gaskiya ga manyan jirage irin Boeing 787, 777 da Airbus A350 shi ne a raba kilomita da 850, a ƙara minti 30 zuwa 40 na tafiya a titin jirgi, hawa da sauka. Abuja zuwa Adis zai ba da awa 4 da minti 40, Adis zuwa Gwanzu awa 10 da 'yan mintoci, jimilla kusan awa 14 da minti 45 a cikin jirgi. Ta Doha, a layin zare, awa 6 da rabi da kuma kusan awa 8, sai ka ƙara na zagayen Sudan a gaɓar farko. Ta Istanbul, awa 5 da rabi da kusan awa 10, nan ma gaɓar farko takan fi haka a zahiri.

Yanzu ka duba girman bambancin. Kilomita 290 da Adis ta ƙara, minti 20 ne. Kilomita 200 na Alƙahira, kwata na awa. Ko Istanbul da ta fi kowa nisa, awa ɗaya ce. Amma zaman jira a zango yana iya zama awa 2, yana iya zama awa 12. A ganinmu wannan ne babban darasin da shafin ke koyarwa ba tare da ya yi niyya ba: a hanyar Gwanzu, nisa shi ne ƙaramin abin da ya raba kamfanonin huɗu. Wanda ya zaɓi tikiti saboda ya fi kusa da kilomita 300, ya je ya kwana a kan kujerar filin jirgi, bai ci ribar lissafinsa ba.

Ga yadda za a gano zaman jiran daga tikiti. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin ne. Chana tana gaban Najeriya da awa 7. Adis Ababa, Doha, Jidda da Istanbul suna gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Alƙahira da awa 1, sai dai takan zama 2 idan Masar ta tura agogonta gaba daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. A ce tikiti ya nuna tashi daga Abuja ƙarfe 1:30 na rana, sauka Gwanzu ƙarfe 4:00 na yammacin gobe. Ido zai ga awa 26 da rabi. Cire 7, saura 19 da rabi. Cire awa 14 da minti 45 na cikin jirgi, abin da ya rage, kusan awa 4 da minti 45, shi ne zamanka a zango. A dawowa ƙarawa ake yi: tashi 12:30 na dare, sauka Abuja 12:00 na ranar, ido zai ga awa 11 da rabi, gaskiyarta 18 da rabi. Jiran da bai kai awa ɗaya da rabi ba yana da haɗari ga mai jaka biyu masu kilo 23, musamman da hunturu, lokacin da hazo ke jinkirta jirage a arewa. Mutum yana iya kama jirgi na biyu da gudu, kayansa su kwana a zango.

Wani abin da tazara ba ta nunawa shi ne tsayin filin jirgin kansa, ko da yake in ka danna sunan fili a shafin zai ba ka wannan bayanin tare da tsawon titinsa. Abuja tana wajen mita 340 sama da teku, titi ɗaya mai tsawon mita 3,610. Filin Bole na Adis Ababa ya haura mita 2,300. A irin wannan tsayin iska ba ta da kauri, injin ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ma yana buƙatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga. Jirgin da ya sha man tafiyar kilomita 8,000 ya fi samun sauƙin tashi da sanyin dare, kuma cikin dare ne jiragen Asiya suka saba barin Adis. Mutanen Jos sun san wannan a ƙaramin sikeli, filinsu yana wajen mita 1,290.

Akwai wasu abubuwa biyu a shafin da ba kowa zai buƙata ba. Na farko da'irar iyaka: ka rubuta R=14000km@ABV a adireshin, ya zana maka duk inda jirgi mai cin kilomita 14,000 zai iya kaiwa daga Abuja ba tare da tsayawa ba. Wannan kusan shi ne ƙarfin Boeing 787-9, kuma Gwanzu tana can cikin da'irar da sauran fili. Wato abin da ya sa ake yada zango lissafin fasinja da riba ne, jirgin da zai iya tafiyar a miƙe yana nan. Na biyu yana nuna yankunan da suka yi wa jirgi mai inji biyu nisa da filin saukar gaggawa, na minti 120 ko 180. Wannan na ɗaliban tuƙin jirgi ne da masu sha'awa, ɗan kasuwa zai iya wuce shi.

Inda lambar shafin take aiki kai tsaye, babu gyara, shi ne wajen makin tafiya, wato makin da kamfanin jirgi ke tara wa fasinja a kan kowace tafiya. Kamfanonin da ke ba da maki bisa nisa da layin zare suke lissafi, da mil ɗin ƙasa, ba ruwansu da zagayen da jirgi ya yi. Abuja zuwa Gwanzu ta Adis, zuwa da dawowa, wajen mil 14,300 ne. Sai dai ajin tikiti yana rage shi: tikiti mai rahusa yakan ba da rabi ko ƙasa da haka, kuma harafin ajin yana jikin tikitin, ejan zai iya nuna maka. Ethiopian Airlines, Turkish Airlines da EgyptAir duk suna cikin ƙawancen Star Alliance, don haka kati ɗaya zai iya tara makin ukun. Qatar Airways tana cikin oneworld. Ga mai zuwa baje kolin Canton sau biyu a shekara, na Afrilu da na Oktoba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aibobin shafin a fili suke. Turanci ne zalla. A waya rubutun ƙanana ne, sai an buɗa da yatsa, kuma taswirar hoto ce tsayayya, ba a jan ta a zagaya kamar Google Maps. Bai san ko akwai jirgin da ke bin hanyar da ka rubuta ba: ka sa JOS-CAN zai zana maka layi mai kyau na kilomita 11,000 da ɗoriya, alhali daga Heipang babu mai kai ka. Ba ya nuna farashi, ba ya nuna ranakun tashi, ba ya gaya maka ko jirginka zai ɗan sauka wani gari ya ɗebi fasinja kafin ya miƙe. Wannan na ƙarshen sai ka tambayi ejan, in akwai tsayawar ka ƙara ta cikin jerin haruffan ka sake aunawa. A ɗaya gefen, rashin adon ya sa ba ya cin data, yana buɗewa ko da sabis ya yi rauni, kuma adireshin da ka haɗa za ka iya tura shi ta WhatsApp, wanda ya buɗe ya ga taswirar da ka gani.

Hukuncinmu: a tambayar "nawa ne nisan", ba mu ga dalilin neman wani shafin ba, lambarsa abin dogaro ce. Ejan-ejan, masu shirya tafiyar Umara, masu tara maki da malaman labarin ƙasa su ne za su fi morarsa. Mai sayen tikiti kuwa ya ba shi minti biyar: ya auna hanyoyin da aka ba shi, ya raba da 850, ya cire awa 7 daga lokacin tikiti, ya fitar da zaman jira, sannan ya duba sawun jirgin na kwana biyu ko uku da suka wuce a Flightradar24. In hanyoyi biyu sun zo kusa da juna a jimillar awanni, sai a koma kan kuɗin tikiti, kilon kaya, da lokacin sauka. Filin Baiyun yana wajen kilomita 28 arewa da tsakiyar gari, layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana zuwa har can amma ba ya kwana yana aiki, don haka mai nufin unguwar Xiaobei ko ta Sanyuanli da ya sauka tsakar dare da jakunkuna sai dai tasi.